Akwatin Ɗumame da Baƙuwar Rana Tsaka

"Wai Mudi, abin da ba garwashi, ba harshen wuta, ina yake samo zafin da yake bai wa abinci?"

Baba Sidi ne ya yi tambayar, ubangidan maigidana a shagon gyaran kayan lantarki. Ina bayan labule da kofin ruwa, ina jiran su gama haki in miƙa. Su biyu suka kinkimo abin daga cikin a-daidaita-sahu har kicin ɗina.

Maigidan ya yi dariya. "Baba ke nan. Kai fa ka koya min. Lantarki ne yake kaɗa ruwan da ke cikin abincin har ya ɗau zafi."

"Gyaransa na koya maka. Ban ce maka na taɓa cin abin da ya fito daga cikinsa ba."

Maikirowef ake ce masa. Bakina bai iya ba, sai na sa masa akwatin ɗumame. Tsoho ne tukuf. Wani ne ya kai shi gyara tun Baba Sidi yana da baƙin gashi, bai koma ɗauka ba. Gefensa launin katako, amma in ka ƙwanƙwasa ƙarfe ne. Ƙofarsa ƙasa ake janyo ta, ba gefe ba, kuma gilashinta yana da ƙananan huji kamar rariya. Abin murɗawa biyu ne a jikinsa. Na sama hotuna ne, kofi da kifi da kaza. Na ƙasa lambobi, daga ɗaya zuwa talatin. In ka murɗa sai fitila ja-ja ta kama a ciki, ya ɗauki gunji kamar injin niƙa daga nesa, lambar tana komowa baya, kaf, kaf, kaf. In ta iso gida sai ƙararrawa ta buga sau ɗaya. Farantinsa ba ya juyawa irin na 'yan yanzu, kai za ka buɗe ka juya kwanon, in ba haka ba gefen tuwo ya ƙona baki, tsakiya kuwa sanyi ƙalau. Maigidan ya ja min kunne a kan abu ɗaya, kada in kuskura in sa kwanon ƙarfe.

Gidan haya ne a ƙarshen unguwa, daga mu sai gonaki. Kafin mu, wata tsohuwa ce a ciki, Iya mai waina. An ce shekara arba'in wutar murhunta ba ta mutu ba, sai ranar da aka fita da ita. Murhun yana nan a lungun tsakar gida, duwatsu uku baƙi ƙirin. Ni ban taɓa hura shi ba. Maigidan ya ce matar mai gyaran lantarki ba ta girki da itace. Risho na lantarki ya saya min, har abin ƙona turare ma na jonawa ne. Ban ƙi ba. Wa yake ƙin hutu?

Wata uku da komawarmu gidan, ina goyon 'yar wata biyar, marka ta sako. Kwana da kwanaki ba a ga rana ba.

Ranar Talata, wajen sha biyun rana, na kwantar da yarinyar ina tsintar shinkafa, sai na ji sallama. Ban ji motsin ƙofar gida ba. Ƙofarmu kuwa ta langa-langa ce, ko kyanwa ta goge ta sai ta yi kuka.

Mace ce doguwa, siririya, ta lulluɓa da baƙin zanen saƙi irin na da. Ta rungume akushi a ƙirji, an rufe shi da faifai.

"Sannu da gida. Na zo ɗibar wuta."

Muryarta kamar mai magana a cikin tulu.

Kunya ta rufe ni. A garinmu ba a hana ruwa, ba a hana wuta. Ko gaba kike da mace, in ta miƙo kasko kina zuba mata garwashi, faɗan ya jira. Ga shi baƙuwar farko da ta taka gidana, ba ni da ko ɗaya.

"Wallahi baiwar Allah ban hura ba. Amma in ɗumame ne, kawo in ɗuma miki."

Ta ɗago ta dube ni.

"Kin ce in kawo?"

"Kawo mana."

"To. Kin faɗa."

Akushi itace ne, na san babu laifi. Na karɓa. Babu nauyi, ga sanyi kamar gindin randa.

"Kada ki ɗaga faifan," in ji ta. "Ɗaya ta isa."

Na murɗa zuwa ɗaya. Muka jira. Ƙararrawa ta buga, ta karɓe abinta da hannu biyu, ta juya.

Sai da ta fita na lura. Ruwa na zuba, amma ko ɗigo bai kama zanenta ba. Inda ta taka kuma ba sawun laka ba ne. Toka ce busasshiya, fara, ruwa yana cinye ta a hankali. Na ce a raina ƙila daga murhunta ta fito. Mutum in yana son kwanciyar hankali ba ya rasa abin faɗa wa kansa.

Da na je ɗaukar yarinyar, tafin ƙafarta ya yi sanyi. Na sa mata safa biyu.

Ranar Laraba matar ta dawo, daidai wannan lokacin. Ta ce biyar. Na murɗa biyar. Bayan tafiyarta sanyin ya hau har gwiwar yarinyar. Ta kama nono ta saki, ta kama ta saki.

Da la'asar maigidan ya kai mu asibitin unguwa. Ma'aikaciyar ta sa ma'aunin zafi, ta duba, ta yarfe shi, ta sake sawa. Ta ce babu zazzaɓi, babu tari, sanyin damina ne, a riƙa lulluɓe ta. 'Yar fari ce. A gidanmu ba a rawar jiki a kan ɗan fari a gaban mutane, ko sunansa ba a kamawa. Haka na zauna kai a ƙasa, shi yake ta amsa tambaya.

A hanya na yi ƙarfin hali na ce, "Akwai wata mata da take zuwa ɗumame."

"Madalla, Barira. Kin fara yin maƙwabta. Da ma shirunki ya yi yawa."



Alhamis tun safe aka ɗauke lantarki. Kafin maigidan ya fita ya bi ya zare komai daga soket, kamar yadda ya saba, don kada a dawo da ita da ƙarfi ta ƙona kaya. Na goya yarinyar, na ɗaure ta da zane biyu. Har na ji daɗi a raina, yau dai ina da abin faɗa wa baƙuwa.

"Sannu da gida."

Tana bakin kicin.

"Yau kam sai haƙuri, babu lantarki."

"Murɗa kawai. Goma."

Na sa akushin don ta gani da idonta. Na murɗa.

Fitilar ta kama.

Na dubi ƙasa. Ga filogin a yashe kusa da ƙafata, bai taɓa bango ba. Akwatin yana gunji. Kaf, kaf, kaf.

A bayana na ji abin. Duk mai goyo ta san ɗumin ɗanta a gadon bayanta, ko barci take. Wannan ɗumin na ji yana zarewa, a hankali, kamar ana janye min zane. Na so in ɗaga hannu, hannun ya ƙi. Na so in yi salati, harshena ya yi nauyi. Matar ba ni take kallo ba. Ta kafa goshinta a gilashin ƙofar, leɓenta yana rawa.

Ƙararrawa ta buga.

Da na sauke yarinyar, sanyi ya kai ƙirji. Maɗigarta kaɗai ke da ɗumi. Idonta biyu, amma ba ta kuka. Da ma ta yi kukan.

Da maigidan ya dawo ya taɓa ta, fuskarsa ta canja. Ya ce gobe in an sauko daga masallaci zai samo mota mu tafi babban asibiti.

"Don Allah ka fitar min da akwatin nan," na ce.

"Zulai tana wannan hali kina zancen akwati? Ɗaukarsa sai mutum biyu ai. Ki bari sai Asabar."

Na buɗe baki in faɗa, sai na ji yadda maganar za ta fito. Mace mai sawun toka. Akwati mai aiki babu waya. Na haɗiye. Da ya shiga wanka na je na tura akwatin da dukan ƙarfina. Ko gezau.

Juma'a ya fita da hantsi neman motar. Na sa wa ƙofar gida sakata, na jingina turmi. Na sa wa kicin kwaɗo, na ƙulle makullin a bakin zanena. Na goya yarinyar, na zauna a ɗaki ina karanta iya abin da na riƙe daga islamiyya. Ruwa yana ta zuba a kan kwano.

Babu sallama ranar.

Kaf. Kaf. Kaf.

Ban san lokacin da na isa kicin ba. Kwaɗon yana rataye a buɗe. Matar tana tsugune a gaban akwatin, akushin yana ciki, fitila a kunne. Ta murɗa lambar har ƙarshe. Talatin.

"Ban ce ki kawo ba yau!"

"Kin faɗa ranar Talata. Ba ki ce na kwana ɗaya ba."

Kan yarinyar ya langaɓe a kafaɗata. Wannan karon ban jira hannuna ya mutu ba. Na faɗa kan ƙofar akwatin na fizgo ta ƙasa. Gunjin ya yanke. Akushin ya zamo, faifan ya faɗi.

Jariri ne.

Bai fi tafin hannuna ba. Launin toka, a dunƙule, gwiwa a ƙirji. Komai nasa cikakke, har farce. Ya buɗe baki zai yi kuka, babu abin da ya fito.

"Kin gani," in ji ta. Muryar ta karye. "To kin gani."

"Me na yi miki? Me 'yata ta yi miki?"

"Shekara arba'in muna cikin tokar Iya. A cikinta aka haife ni, a cikinta na haihu. Kika zo kika bar ruwa ya cinye mana ɗaki. Na bi gidajen layin nan kaf, wasu iskar gas, wasu wayar lantarki. Masu itace kuma sun tofe ƙofarsu da addu'a, ba na shiga. Ke kaɗai kika ce kawo."

"To ga lantarki kin samu ranar farko, me ya kai ki jikin yarinyata?"

"Zafin waya ba ya kama shi. Na itace ne abincinsa. In babu, sai na jini. Akwatinki ɗebowa kawai yake yi, daga wanda ya fi taushi a gidan."

Na durƙusa. Ban taɓa durƙusa wa kowa haka ba, ko Innata.

"Ɗebi nawa. Don Allah ɗebi nawa."

"Naki ya yi kauri, ba ya sha."

"To zan hura miki. Yanzu. Ki bar ni in hura."

Ta dubi tsakar gida, ruwa ya kwanta. Ta dubi ɗanta. Ta sa yatsa ɗaya ta dawo da lambar zuwa goma. Ƙofar a buɗe take, amma lambar ta ci gaba da tafiya.

"Ba zai wuce haka ba. In ta buga ban ga garwashi ba, na rufe ƙofar nan. Ba kuma za ki iya buɗe ta ba. Ni ma uwa ce, 'yar nan. Kada ki ga laifina."

Na fita da gudu.

Murhun ya zama kududdufi. Na sa hannu biyu ina kwashe ruwa da jiƙaƙƙiyar toka. Na ɗauko babban farantin silba na kayan aurena, na ɗora a kan bulo biyu ya zama rumfa. Itace fa? Ko tsinke babu a gidan. Na shiga ɗaki na janyo tabarma, na yage ta da haƙori. Na ɗauko muciya da ludayin duma. Kujera 'yar tsuguno da kakata ta ba ni, na sa taɓarya na farfasa ta.

Kaf. Kaf. Daga lungun ma ina ji, duk da ruwan.

Ashanar da muke kunna kyandir tana kan taga. Marka ta shiga kwalin. Na ƙyasta ta farko, kan ya marmashe. Ta biyu haka. Ta uku ta yi tartsatsi ta mutu.

"Shida," in ji ta daga kicin.

Na tuna yadda Innata take yi da damina. Na cire ɗankwali, na cusa tsinken ashanar cikin kitsona ina gogawa har ya bushe. Na tsoma bakin ɗankwalin a man gyaɗa. Na zaro tsinken, na kai shi jikin kwalin.

"Bismillahi."

Ta kama.

Na kifa jikina a kanta, ruwa yana dukan bayanmu ni da yarinyar. Ɗankwalin ya ci, tabarma ta ci, ludayin ya ɗauka. Amma harshen wuta ba garwashi ba ne. Katakon kujerar ya yi kauri, hayaƙi kawai yake. Na cusa siririn kan muciyar a tsakiyar wutar, na kwanta ina hurawa. Ina hurawa ina tari. Ba na ganin komai. A bayana babu motsi, babu numfashin da nake ji, kamar na goya tulu.

"Biyu."

"Ki jira! Don girman Allah ki jira!"

"Ba ni nake tafiyar da ita ba."

Na zaro muciyar. Kanta ya yi ja, kaɗan, kamar ƙwayar gyaɗa. Na kare shi da tafin hannuna, na ji fata tana ƙonewa, ban janye ba. Na tsallaka tsakar gidan. Santsi ya kwashe ni a bakin kicin, na faɗi a kan gwiwa, muciyar tana sama.

Hannunta yana kan ƙofar akwatin, ta ɗaga ta rabi.

"Ga shi. Ga wuta. Ɗebi."

Ta sa yatsu biyu ta karye garwashin, kamar mai tsinkar ganye. Ta hura shi sau ɗaya, ta ajiye a ƙirjin ɗan.



Sai ya yi atishawa. 'Yar ƙarama, kamar ta ɗan tsako. Launinsa ya fara juyawa ja daga ƙirji zuwa yatsu.

Ƙararrawa ta buga.

Ban motsa ba. Ina tsoron in juya. Sai na ji wani abu mai ɗumi yana gangarowa a gadon bayana, ya jiƙa zani, ya sauka har ƙafata. Fitsari ne. Mai zafi. Kafin in kwance goyon ta tsala ihu, irin wanda ban ji ba tun ranar Litinin. Na zauna daɓas a ƙasan kicin, na ba ta nono, ta kama kamar za ta cire shi.

Matar ta rufe akushinta da faifan. Ta tsaya a kaina.

"Kada ki kashe wutar nan da ruwa. Kada murhun ya kwana uku babu wuta. In baƙuwa ta sake yi miki sallama rana tsaka, ke kaɗai a gida, ki dubi ƙafarta kafin ki ce kawo. Ba dukanmu ne masu jira ba."

Na gyaɗa kai.

"In kuma kin kira masu karatu su tashe mu, za mu tashi. Amma ba zan ɗauki ɗana in fita da shi cikin sanyi hannu wofi ba. Kin gane?"

"Na gane."

Ta nufi lungun murhu. Hayaƙi ya taso ya tare ta. Da ya baje, babu kowa, sai kujerar kakata da ta kama ci sosai.

Bayan an sauko daga masallaci na ji ƙarar mota. Na janye turmin, na zare sakata. Maigidan ya shigo a jiƙe, ya yi turus. Hayaƙi ya cika gida, farantin aure ya yi baƙi, ni babu ɗankwali. Ya karɓi yarinyar, ya sa kuncinsa a cikinta, ya taɓa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Har gumi take yi. Ta kama gemunsa ta ja.

"Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Zulai, kin tsorata babanki." Ya juyo. "Me kika ba ta?"

"Wuta na hura."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ashe maganin yana tsakar gida muke ta yawon asibiti." Ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. Sai ya ga hannuna. Ya kama shi ya juya, ya dubi ƙunar. Ya dubi ragowar kujerar a murhu. Dariyar ta tsaya.

"Barira. Akwai abin da ba ki faɗa min ba?"

Maganar ta zo har bakina. Na san shi. In na faɗa, ba zai ce ƙarya nake ba. Kafin magariba malamai sun cika gidan nan, kafin safiya ya sa diga ya tumbuke duwatsun, ya shafe wurin da siminti. Don so zai yi, ba don komai ba. Ita kuma ta riga ta faɗa min yadda za ta fita. Ban da haka ma, na ga fuskar ɗan nan lokacin da ya yi atishawa.

"Babu," na ce. "Itace kawai za ka riƙa sayo min. Busasshe. Kada ya yanke."

Ya dube ni, ya ce to.

A nan na ƙudurce. Ba zai ji ba, Baba Sidi ba zai ji ba, ko Innata da ta haife ni ba za ta ji ba. Yarinyar ma in ta girma ta tambayi tabon hannuna, zan ce muciya ce ta ƙona ni. Wannan takardar da nake rubutawa kuwa, tunda na sauke abin da ke cikina a kanta, da ita zan hura wutar gobe.